Babi na Shida: Ranar da Faƙo Ya Yi Kuɗi

Wanda ya baro Birnin Ƙonni ya kama babbar hanyar Maraɗi, ba zai yi nisa ba zai tarar da mararrabar Tsarnawa. In ya miƙe gabas, Malbaza ce a gabansa, da masana'antar simintinta da ke nan tun shekarun 1960, da filin farantan hasken rana mai ƙarfin megawat 7 da aka buɗe a 2018 da rancen ƙasar Indiya. Gaba kaɗan sai Galmi, garin albasa, inda asibitin mishan na SIM yake duba marasa lafiya tun 1950. In kuwa ya karya hagu, hanyar Tawa ce, ta Gidan Idar da Badagishiri, inda ake ratsewa zuwa Illela. Illelar Nijar nake nufi, mazaunin Sarkin Adar, ba ta Sakkwato da ke kallon Ƙonni ta ƙetaren iyaka ba.

Duk wadda matafiyi ya bi cikin hanyoyin nan biyu, zai yi ta cin karo da allunan ƙarfe a bakin titi, wasu sababbi fil, wasu tsatsa ta cinye rubutunsu, kowanne da tutar wata ƙasa ko tambarin wata ƙungiya. Kowane allo shaidar wata yarjejeniya ce da aka taɓa ƙullawa tsakanin masu kuɗi na nesa da mutanen ƙauye, kan ruwa ko itace ko abinci. Da yawan alluna ke cika rumbu, da Adar ta daɗe da mantawa da yunwa. Sai dai cikin waɗannan ayyuka akwai guda da ya fita daban, kuma abin da ya fi amfanar mutane a cikinsa ba ya ma cikin takardar tsarinsa ta farko.

Sai an san ƙasar kafin a gane labarin. Adar ƙasa ce ta tuddai masu faɗin kai, shimfiɗe da tsakuwa da jan marmara, kwaruruka sun tsattsaga su: kwarin Keita, kwarin Badagishiri, sai Majiya wadda ta gangaro ta ƙasar Buza, ta ratsa Malbaza da Ƙonni, ta je ta zube a tafkin Kalmalo cikin Najeriya. Ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 ba, kuma da ƙarfi yake zuwa, ya zuba cikin 'yan sa'o'i ya ɗauke. Muddin akwai itace da ciyawa a kan tudu, ruwan yakan tsaya ya nutse. To, an sare itacen an yi girki, dabbobi sun tattake abin da ya saura, iska ta kwashe rairayin sama, sai fuskar ƙasa ta daskare ta yi ɓawo. Shi ne faƙo. Ruwa in ya sauka a kansa ba ya shiga. Gudu yake yi, ya taru ya zama ambaliya, ya gangara kwari ya haƙa kwazazzabo a tsakiyar gonar da ta fi kowacce albarka. Tudu ya bushe, fadama kuma ta zaizaye.

Farin 1973 ya girgiza mutane, na 1984 ya durƙusar da su. Ita ce shekarar da mutanen Nijar ke kira El-Buhari, domin yunwar ta zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, hanyar hatsi da hanyar cin rani suka toshe lokaci guda. Ga Adarawa, waɗanda tun da can cin rani ke cike musu giɓin rumbu, abin ya kai maƙura. A watan Mayun wannan shekara gwamnatin Seini Kunce ta kira babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada, daga nan masu ba da taimako suka ƙara kwararowa jihar Tawa.

Wasu sun riga su zuwa. Tun 1975 ƙungiyar CARE, tare da ma'aikatar gandun daji da matasan sa-kai na Amurka, ta fara dasa dogon yaro a kwarin Majiya ta wajen Buza, layi biyu-biyu, tsakanin kowane jeri da na gaba mita 100, don su tare iskar da ke binne shuka da rairayi. Jerin ya kai ɗaruruwan kilomita, kuma awon da aka yi ya nuna hatsin da ke bayan itatuwan ya fi na fili yawa. Matsalar da ta biyo baya ita ce: itacen na wa ne? Gonar ta manomi ce, irin na furoje ne, doka kuma ta ce itace na gwamnati ne. An ɗauki shekaru kafin a daidaita yadda za a riƙa sassare rassan ana raba kuɗin ta hannun ƙungiyoyin ƙauyuka. A Keita kuwa, daga 1984, Italiya ta zuba kuɗi masu yawan gaske ta hannun hukumar FAO, hukumar PAM tana biyan leburori da abinci. An kawo manyan motoci masu tsaga marmara, an gina madatsu, an dasa miliyoyin itatuwa, kuma galibin masu ɗaukar duwatsun nan a ka mata ne, tun da maza sun tafi nema. Keita ta farfaɗo, babu mai musun wannan. Amma manomin da ke ƙauyen da furojen bai kai ba, in ya je ya gani, sai dai ya ce masha Allahu ya koma gida. Ba shi da katafila, ba shi da mai ba shi buhun alkama a ƙarshen wata.

A 1988 asusun FIDA, wanda ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya buɗe wani aiki na tare ruwa da gyaran ƙasa a gundumar Illela, ya fi mai da hankali kan kwarin Badagishiri da tuddan da ke kewaye da shi. In aka gwada shi da na Keita, ƙaramin aiki ne. Abin da aka tsara shi ne jera duwatsu a gicciye bisa gangare don su rage wa ruwa gudu, da haƙa ramukan nan masu siffar rabin wata. Masu tafiyar da shi sun yanke wata shawara da ba ta yi wa mutane daɗi ba da farko: ba za su riƙa biyan manomi da abinci don ya gyara gonarsa ba, sai fa a shekarar yunwa. Abin da za su bayar shi ne kayan aiki da horo, da ayyukan da dukan gari zai amfana, irin su ajin makaranta da rijiya. A ƙasar da aka saba ganin furoje da buhu, wannan kamar rowa ce.

A 1989 suka ɗauki manoma 13, uku daga cikinsu mata, suka kai su yankin Yatenga da ke arewacin Burkina Faso. Mutanen can, Mosawa, sun sha irin wahalar da Adar ta sha, ƙasarsu ma faƙo ce da tsakuwa. A nan ne manoma irin su Yakuba Sawadogo na ƙauyen Gurga, kusa da Wahiguya, suka ɗauko wata tsohuwar dabarar shuka a rami, wadda suke kira zayi, suka ƙara mata faɗi da zurfi, suka riƙa zuba mata taki. Baƙin daga Illela sun ga dawa ta yi kai a wurin da a gida ko akuya ba ta tsayawa. Su ma suna da irin wannan rami a gargajiyance, tassa, amma ƙanana ne, ba a sa musu taki, kuma an kusa mantawa da su. Ba a kai su Yatenga don su koyo rami ba, duwatsu aka so su gani. Gani ya kori ji. Da suka dawo, kaɗan daga cikinsu suka ɗauki diga suka nufi faƙo, kuma abin da suka haƙa a shekarar farko bai kai hekta biyar ba.

Aikin ba shi da wani sirri, sai dai wuya. Da rani ake yin sa, tun ana sanyi har zuwa bazara, lokacin da ƙasa ta fi tauri amma hannu ba shi da aikin gona. Mutum zai sari ƙasa da diga har ɓawon ya fashe, ya kwashe da kalme, ya fitar da rami mai faɗin kamar taƙi guda ko fiye kaɗan, zurfinsa santimita 15 zuwa 25. Ƙasar da ya fitar ba ya watsar da ita, yakan tara ta a gefen da ke kallon gangare, don in ruwa ya zo ya tarar da shinge ya faɗa cikin ramin. Sai ya yi taku ɗaya ya sake wani. Layi na biyu ba ya bin sahun na farko, ana gocewa ne, yadda ruwan da ya kuɓuce wa ramuka biyu zai faɗa na uku. Hekta guda tana cin ramuka wajen 10,000, kuma mutum ɗaya zai yi fiye da wata yana fama kafin ya gama ta. Kafin damina iska takan tara ganye da ƙura a ciki, mai gona kuma ya bi kowane rami da taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Daga nan sai gara ta karɓi aiki. Ƙanshin taki ke jawo ta, ta huda ƙasa ta ƙarƙashi, ta yi hanyoyin da ruwa da saiwa za su bi. Manomin da ya tashi yana ganin gara abokiyar gabar rumbunsa ce, ga shi yau yana kiran ta da kansa. In ruwan farko ya sauka, sai a jefa ƙwayar hatsi ko dawa a cikin ramin. Ko an yi mako biyu ba a sake samun ruwa ba, danshin da ke ƙasan ramin yakan riƙe shukar.

Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa. A lokacin tassar da aka haƙa ta kai hekta 70. Gonakin jigawa da yawa sun ƙone tun hatsi bai fid da kai ba, amma a kan faƙon da aka yi wa ramuka an yanki dami. Wannan shekara ita ta yi wa tassa shela, fiye da duk abin da malamin gona zai iya faɗa a dandalin gari. Wanda ya yi wa maƙwabcinsa dariya da rani, shi ne ya je aron diga da kaka. Zuwa 1995, lokacin da zangon farko na aikin ya ƙare, tassa ta rufe hekta wajen 3,800 a gundumar, kuma ƙiyasin da aka yi a 1998 ya kai filayen da aka farfaɗo da ita da sauran dabarun zuwa hekta 9,000. Awon da aka yi na shekaru shida ya nuna gonar tassa mai taki tana ba da kilo 500 da 'yan kai a hekta, in aka haɗa shekarun kirki da na fari, alhali filin da ba a taɓa ba bai wuce kilo 125 ba. Kilo 500 ba abin a buga ganga ba ne a wajen manomin Funtuwa. Amma a tuna, wannan ƙasa ce da a da kusan ba a samun komai a kanta.

Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda abin ya ci gaba da yaɗuwa bayan motocin furoje sun daina zuwa, har ƙauyukan da ba su taɓa ganin ma'aikacinsa ba, har gundumomin maƙwabta. Dalilin a fili yake. Duk abin da tassa ke bukata yana cikin ƙauye: diga, taki, ƙarfin hannu da watannin rani. Kuma ladan yana zuwa a daminar farko, cikin rumbun wanda ya yi gumin, ba sai an jira shekara goma ko an kafa kwamitin rabo ba. Har wata sana'a ta fito daga ciki. Samari suka ƙware a haƙa, ana ɗaukar su kwangila, a biya su gwargwadon yawan ramuka, wasu suka sami abin yi da rani ba tare da sun tafi Abijan ko Legas ba. A wasu wurare kuma gayya ake kira, a dafa abinci, a gama gonar mutum cikin yini biyu.

Akwai kuma wani amfani da ba wanda ya yi lissafinsa. A ƙauyen Batodi na gundumar Illela, a farkon shekarun 1990, rijiyoyi kan ƙafe ba da daɗewa ba bayan damina, mata su yi ta doguwar tafiya neman ruwa. Masu binciken da suka koma garin a 2004, cikinsu har da Chris Reij, ɗan ƙasar Holan da ya daɗe yana bin diddigin wannan aiki, sun tarar ruwan rijiyoyin ya hau da kimanin mita 14 cikin shekara goma, har mata sun kafa lambuna a kewayensu. Ruwan sama bai ƙaru yadda zai bayyana wannan ba. Ruwan da a da yake gudu ya bar garin ne ya koma yana nutsewa a cikin dubban ramuka.

Yawancin rahotannin masu ba da taimako a nan suke tsayawa, su sa hoton mace da kwandon kabeji. Labarin bai tsaya nan ba.

Da mutane suka gane faƙo yana iya zama gona, sai faƙo ya yi kuɗi. Filin da a da in ka roƙa za a ba ka kyauta har a yi maka godiya, ya shiga kasuwa, farashinsa ya riƙa ninkawa cikin 'yan shekaru. Su wa ke saye? Mai shanun da za su ba shi taki, mai amalanken kai takin tudu, mai kuɗin ɗaukar samari: ɗan kasuwa, alhajin gari, wanda cin rani ya karɓe shi. Su wa ke sayarwa? Wanda hatsinsa ya ƙare tun watan bakwai bai kama ba. Ba abin mamaki ba ne ka tarar da mutum yana haƙa tassa a kan kuɗin yini, a filin da ubansa ya bar masa. Ba tassa ce ta kawo bambanci tsakanin mai shi da marar shi ba, ta tarar da shi, amma ta ba shi sabuwar ƙofa. Talaka ma ya amfana, ba a ce bai amfana ba, sai dai rami ba taki rabin aiki ne, taki kuwa sai mai dabba.

Na mata ya fi ciwo, domin galibinsu ba su da gonar kansu sai ɗan abin da aka yanka musu. Abin da kan faru, a nan da sauran wurare a Sahel, ba ya wuce haka. Bazawara ta je wurin wan mijinta marigayi, ta durƙusa ta gaishe shi.

“Yaya, faƙon nan na bayan gari nake so ka ara mini, in gwada ramukan nan ko yara sa sami na kunu.”

“Haba, wannan har sai kin tambaya? Je ki yi ta yi, Allah ya ba da sa'a.”

Ta kwashe rani uku ita da 'ya'yanta, suna haƙa, suna tsince kashin awaki a kwararo suna kaiwa a ka. Shekara ta huɗu ƙasa ta yi laushi, har gawo ya fara tsirowa a cikin ramukan. Sai a aiko yaro ya ce Baba yana kira.

“Wance, kin san dai aro na ba ki. Bana ɗana zai yi aure, yana bukatar wurin.”

Ba shaida, ba takarda, kuma a al'ada bai yi laifi ba. Ta yi godiya ta tashi.

Sai makiyaya. Tuddan nan da manomi ke kira faƙon banza, ga Bafillace da Buzu hanya ce da wurin sauka, inda garke ke tsayawa da damina don ya nisanci shuka. Duk hektar da aka mayar gona a kan tudu, an rage ta ne daga wurin da saniya za ta taka. Jama'a kuma ƙaruwa take: ƙidayar 1988 ta sami mutum miliyan 7 da 'yan kai a Nijar, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17. Inda aka yi hankali, an bar burtali, an ci gaba da tsohuwar al'adar nan ta manomi ya gayyaci makiyayi ya kwana da garkensa a gona bayan girbi, ya ci kara ya bar taki. Mai tassa ya fi kowa bukatar wannan, in da zai duba. Inda ba a yi hankali ba, ana kaiwa ga abin da ba a so, kuma mutanen jihar Tawa ba su manta da rayukan da aka rasa a Bangi, ƙasar Madawa, a rikicin manoma da makiyaya na 2016 ba.

Dokar karkara ta 1993 da dokokin da suka biyo bayanta sun tanadi kwamitocin ƙasa tun daga gunduma har ƙauye, waɗanda za su iya rubuta takardar saye, ta kyauta, ta jingina ko ta aro, su kuma shata burtali da makiyaya. A ganina, duk ƙungiyar da za ta raba wa mata diga ba ta fara zaunar da mai filin gaban kwamiti an rubuta shekarun aro ba, gyaran gonar wani take yi da gumin wata.

Yanzu a gangaro kudu a dubi wani nau'in taimakon. A ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 aka tare Majiya da madatsun Mozage da Zango, aka ja ruwa zuwa filin noman rani na Ƙonni, mai faɗin hekta sama da 2,400, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA da ƙungiyoyin manoma. Dubban iyalai sun ci abinci daga nan, da dawa da auduga da alkama da albasa. Amma shekara bayan shekara laka ta riƙa cike madatsun, magudanai suka tsattsage, filin da ake iya ba ruwa da rani ya ragu ƙwarai. Daga ina lakar ta fito? Daga faƙon da ke sama. Ƙasar da ruwa ya kankare daga tuddan Majiya ita ce ta kwanta a gindin madatsa. Gyaran ya fi ƙarfin kuɗin ruwan da manoma ke biya, sai da aka jira Amurka. Yarjejeniyar hukumar MCC ta dala miliyan 437, da aka sa wa hannu a 2016 ta fara aiki a 2018, ta ware kaso mai tsoka don farfaɗo da filin Ƙonni. Bayan sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023, Amurka ta dakatar da tallafin hukumar, wasu ƙasashen Turai ma suka janye nasu, iyakar Ƙonni da Illelar Sakkwato ta rufe na tsawon watanni, albasar Galmi ta rasa hanya. Zanen aro ba ya rufe katara. Ba ina cewa a daina gina madatsa ba ne, domin rami ba zai shayar da hekta dubu biyu da rani ba. Amma a wannan shekarar ma, mai tassa a Badagishiri ya ɗauki digarsa da sanyi ya fita, bai jira jin abin da aka yanke a Washintan ba.

Irin abin da ya faru da tassa ne ya faru a Maraɗi da itace. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ɗin nan na SIM mai asibitin Galmi, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai, in aka bar musu reshe biyu ko uku aka gyara za su koma itace. Sassabin zamani ke nan. Ba ya bukatar gandun reno, ba ya bukatar ban ruwa, wuƙa ko gatari ya isa. Abin da ya riƙe shi da farko tsoron jami'in gandun daji ne, domin ba mai renon itacen da za a ci shi tara in ya sare. Da hannun hukuma ya sassauta, dokar daji ta 2004 kuma ta ƙara wa manomi iko kan itacen gonarsa, abin ya bazu har ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo da Yakuba Sawadogo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, shekara ɗaya. A Adar dabarun biyu sun haɗu a rami guda, domin takin awaki yana ɗauke da ƙwayar gawo da bagaruwa, su tsiro tare da hatsi, mai gona ya zaɓi wanda zai bari.

Abin takaici, ba duk masu zuwa da taimako ne suka ɗauki darasin Illela ba. Bayan yunwar 2005, da ta 2010, da kuma ƙarƙashin shirin 3N na tsohon shugaba Mahamadu Isufu, wanda shi kansa ɗan Dandaji ne a gundumar Illela, haƙa rabin wata a kan kuɗin yini ya zama babbar hanyar kai agaji ƙauyuka. A matsayin agaji ba shi da laifi: mutum ya yi aiki da safe, ya sayi tiyar hatsi da yamma, bai bar garinsu ba. A matsayin gyaran ƙasa kuwa, sai an duba. In filin na kowa da kowa ne, ba a ce ga mai tsaronsa ba, ba a ce ga wanda zai yanki ciyawar ba, to damina biyu ta isa ramukan su cike, dabbobi su cinye dashen. Wani lokaci ma wata ƙungiyar ce za ta zo bayan 'yan shekaru ta biya a sake haƙa wuri ɗaya, ta kafa nata allon kusa da na farko. Mutanen gari sun san haka sarai, kuma ba za su faɗa wa baƙo ba, don ba mai korar abincinsa. Inda aikin ya tsaya da ƙafarsa, za ka tarar an yi abin da ba ya fitowa a hoto: an zauna da mai gari da limami da wakilin makiyaya, an sa mai gadi, an yanka tarar wanda ya saki dabba, an amince a sayar da ciyawa da rani a zuba kuɗin a asusun gari.

Saura batun ruwan da ya dawo rijiyoyi. A kwaruruka daga Badagishiri har Galmi da Gidan Idar, ƙananan injunan ban ruwa sun maye gurbin guga a lambunan albasa, ga kuma famfunan hasken rana suna shigowa, waɗanda ba sa shan fetur balle mai su ya ji ciwon barin su a kunne. Mai haƙa rami a tudu shi ke shigar da ruwa ƙasa, mai inji a fadama shi ke fitar da shi, kuma sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne, ba ma ƙauye ɗaya ba. Kwamitocin ƙasa sun san yadda ake rubuta takardar gona da ta burtali, amma rabon ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ya fi ƙarfin takardar mai gari. Wannan ne zai kai mu kasuwar albasar Galmi a babi na gaba.